Maɓallan da Inna Ta Kashe

A gidanmu ni ce waya tsakanin Inna da Yaya Naziru. Ba wasa nake yi ba. Sai ka gan su a tsakar gida, tabarma ɗaya ce kawai tsakaninsu, amma ka ji Inna ta ce, "Adawiyya, tambayi yayanki ko ya ci abinci." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, wai ka ci abinci?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce wa Adda na ci." Kai ka ce ɗaya na Azare ɗaya na Makka.

Ba faɗa suke yi ba, kar wani ya ɗauka haka. Yaya Naziru shi ne ɗan fari, Inna kuwa Bafulatanar Katagum ce ta gidi, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, shi ya sa yake ce wa Inna "Adda" kamar yadda ya ji ƙannenta suna kiranta. Sunansa kuwa, tunda nake ban taɓa jin sa a bakinta ba. Akwai wani mai kayan miya a bakin layinmu, shi ma Naziru ne. Bawan Allah, shekara da shekaru Inna na sayen tattasai a wurinsa, amma sunansa a bakinta "mai sunan wancan."

Ni ce auta, don haka duk yabon da aka hana shi a kaina aka juye. In na dafa shayi sai Inna ta ce ba a taɓa shayi irinsa ba. Shi kuwa ranar da ya gama karatun injiniya ya kawo takardarsa, kallo ɗaya ta yi mata ta ce min, "Ki ce masa ba laifi." Ya yi dariya ya fita. Amma ni na san yayana. Ga gemu, ga mata, ga shago, duk da haka abu ɗaya yake nema a duniya, ya yi wani aiki Adda ta ce ya yi kyau.

Inna tsohuwar mai buga tafireta ce. A Katagum ta yi aikin ofis har ta yi ritaya, sannan muka dawo Azare. Ko bayan ritaya ba ta zauna ba, ita ke buga wa Islamiyyar matan unguwarmu tambayoyin jarrabawa da takardun taro. In tana bugawa ba ta kallon yatsunta, kuma ba ta kuskure. To sai ciwon gaɓoɓi ya kama ta. Tafireta ta yi mata nauyi. Na ba ta kwamfutata ta hannu wadda nake zuwa da ita makarantar da nake koyarwa, ta danna sau biyu ta ture ta.

"Wannan ai tuwon jiya ne," in ji ta. "Mutum ya danna bai san ko ya shiga ba."

Yaya ya kawo mata wani kibod mai kauri, irin mai ƙara ɗin nan. Ta so shi, don yatsa na jin saukarsa. Amma tsayinsa ya sa sai ta lanƙwasa wuyan hannu sama, kafin mako ya zagayo hannun ya kumbura sumtum. Daga nan ta lulluɓe tafireta da tsohon zani, ta aika wa malamar Islamiyya cewa a nemi wata. Ranar ba ta ci tuwon dare ba, kuma ba wanda ya tambaye ta dalili.

Yaya ya ɗauke kibod ɗin ya tafi da shi. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni shagonsa na ƙofar gida, inda yake gyaran kayan sola. Ya cire maɓalli ɗaya daga kibod ɗin nan mai kauri, ya fasa abin da ke ƙarƙashinsa ya baje a kan tebur.

"Kin ga wannan? Kowane maɓalli da ɗan makunninsa. Ga gidan roba, ga tsinken da ke sauka, ga sifirin a tsaye yana mayar da shi sama. Waɗannan 'yan harsuna biyu na tagulla, in suka haɗu sai harafi ya fito. Duk tsayin nan, sifirin ne ya jawo shi."

"To sai me?" na ce.

"So nake in yi wanda bai wuce kaurin ƙwandala biyu ba, hannu ya kwanta a kansa kamar a kan tebur, amma yatsa ya ji ƙas ɗin nan."

Na ce, "Yaya, duk faɗin duniya ba a sayarwa?"

"Ana sayarwa. Amma ba don hannun Adda aka yi su ba. Nata sai ya yi laushi wajen shiga, kuma ya yi ƙas da wuri, don kar ta riƙa dukansa har ƙasa."

Sannan ya miƙo min farar takarda, wai in je in zano masa hannun Inna. Na ce ya je da kansa mana. Ya harare ni. Haka na je na yi wa Inna ƙaryar wani sabon zanen lalle nake son gwadawa, ta ɗora hannu ina bi da fensir. Na tabbata ta gane, don da na gama sai da ta ce, "Ɗaya hannun fa? Shi ya fi ciwo."

Daga nan gida ya rikice. Yaya ya sayo wani ɗan inji mai zuba roba ya fitar da duk siffar da ka zana masa a kwamfuta. Warinsa kuwa, sai wanda ya ji. Matarsa Ya Gana, 'yar mutanen Borno ce da suka daɗe a Azare, mace mai son ƙamshi, ta ƙarar da turaren wutarta kaf a kan warin nan. Ta ce min, "Ni dai na auri mai gyaran sola, ban san da mai haɗa maganin sauro ba."

Da farko gajarta sifirin ya yi. Sai ya yi tauri, ka danna kamar kana danna dutse. Ya sa mai laushi, shi kuma ya ƙi tashi. Ga su ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, da ya matsa da hantsaki sai ka ga fit, ya tashi sama. Mun tsinci sifirin a cikin takalmi, mun tsinta a kan sallaya. Wata rana Ya Gana ta tsamo ɗaya daga miyar kuka, ta wanke shi tas, ta ɗora masa a kan malmalar tuwonsa. Shi kuwa maimakon ya ji kunya sai ya ce, "Alhamdu lillahi, shi nake nema tun jiya!"

A kan tuwon nan dabarar ta zo masa. Ya ga sifirin a kwance, ya tsaya yana kallonsa har miya ta huce. Ya ce, "Wa ya ce dole sai ya tsaya?" Ya tashi da hannun tuwo ya nufi shago. Abin da ya yi shi ne, ya kwantar da sifirin tsakanin 'yan hannuwa biyu masu buɗewa kamar almakashi. In ka danna, hannuwan su buɗe su ja sifirin, in ka saki ya jawo su su koma. Tsayi ya tafi, ƙarfi yana nan.

Sauran wahalar ta zafin Azare ce. Lokacin bazara ne, robar da ya zuba da safe kafin la'asar ta karkace. Sai ya koma ajiye su a cikin gwangwani a gindin randar Inna, inda ƙasa ke da sanyi. Harsunan tagulla kuma da hannu yake yanka su, ya lanƙwasa da hantsaki, ya riƙa ɗora ƙananan noti a kan maɓalli yana duba nauyin da zai sa ya faɗa. In ka yi masa magana a lokacin, ko sarkin garinku ne kai, ba zai ji ba.

Duk makunnin da ya haɗa, ni ce 'yar aike. In kai wa Inna a tafin hannu, ta sa tabarau, ta danna da ɗan yatsa, ta kasa kunne. Sai ta ce, "Ki ce masa ba laifi." In koma shago in tarar da shi a tsaye bakin ƙofa.

"Me ta ce?"

"Ba laifi."

"Da wace irin murya?"

"Yaya, da muryar Inna mana! Murya nawa gare ta?"

Sai ya koma ya zauna ya sake zane. Na ce masa wannan ya yi, ya ce da ya yi ai da ta faɗa. Na ce, "Kai ma ka san ba za ta faɗa ba." Ya ce, "In ya yi sosai za ta faɗa." Wallahi ranar kamar in rufe shi da duka.

Damina ta sauka kafin ya gama cikakken kibod. Kai, abin ya yi kyau! Bai fi kaurin littafin rubutun 'yan firamare ba. Ya yi shi yadda kowane makunni za a iya zare shi da ɗan ƙarfe a sa wani ba sai an narka dalma ba. Ya haɗa wa Inna wata tsohuwar kwamfutar tebur a ɗakinta, ya jawo mata wuta daga sola, sannan ya gudu shago ya bar ni da ita.

Inna ta zauna, ta gyara zama irin na ofis, ta kwantar da hannuwanta. Ta fara a hankali, sai kuma yatsun suka tuna. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar ruwan farko a kan kwano. Na ga kafaɗunta sun sauka, na ga bakinta na motsi yana son yin murmushi tana hana shi. Ta buga shafi guda ba ta tsaya ba. Ta cire tabarau ta goge shi da gefen zani, ta daɗe tana gogewa.

"To Inna, me zan ce masa?"

"Ki ce masa ba laifi."

Na ce, "Haba Inna! Don girman Allah!"

"Ke, tashi ki ba ni wuri."

Ta koma buga wa Islamiyya takardunsu, hannu bai kumbura ba. Muna murna, sai ga shi bayan 'yan makonni ta kira ni ta ce, "Kai wa yayanki, wasu sun mutu." Yaya ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ne suka daina aiki: R, U, I, A, Z, N, da maɓallin gogewa. Ya fasa su, ya ga harsunan tagulla sun gaji sun saki. Ya ce ƙila tagullar ce ba ta da kyau, ya sa sababbi ya mayar.

Wata bai cika ba, aka sake dawo da shi. Su dai bakwai ɗin nan.

Nan fa hankalinsa ya tashi. Ya baje su a tebur yana magana shi kaɗai. "A da I da N na yarda, suna shan aiki. To K fa? K na shan aiki, ga shi lafiya lau. D lafiya lau. Me Z ya yi da zai riga su mutuwa? Kuma Adda da ba ta kuskure, me zai kashe na gogewa?" Ya zargi allon da makunnan ke zaune a kai, ya ce ko ya lanƙwashe ne. Ya zargi robar. Ya zargi laimar damina. Takardun Islamiyya ba su da yawa, ya lissafa ya ga in ɗan wannan aikin ne ya kashe su, to abin da ya ƙera ba shi da ƙarko ko kaɗan.

A daidai lokacin ne Babagana, wan Ya Gana, ya dame shi da waya daga Legas. Wai akwai gurbi a masana'antar da yake aiki, suna neman mai zana ƙananan sassan inji, ya ba da amsa kafin ƙarshen wata. Da can Yaya dariya yake yi in an yi maganar. Wannan karon na shiga shago da yamma na tarar ya fara zuba kayansa a kwali.

"Yaya, mene ne haka?"

"Zan karɓi aikin Babagana. Jibi zan kira shi."

"A kan maɓalli bakwai?"

Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana juya hantsaki a hannu. Ya ce, "Mutum ɗaya na yi wa abin nan, Adawiyya, mutum ɗaya tak, ya kasa riƙe ta wata guda. Ita ma ta san bai yi ba, kara take yi min. Ni fa tunda nake ban taɓa yin abin da ya burge Adda ba. Na gaji."

Na buɗe baki zan yi masa tsiya kamar kullum, sai na fasa. Tausayinsa ya kama ni, haushin Inna ya kama ni, na fita na bar shi.

Washegari Asabar ce, ba makaranta. Da hantsi ina shanya a bayan ɗakin Inna, sai na ji ƙarar kibod ta taga. Yaya ya riga ya sake gyara mata shi karo na biyu, wai na bankwana. Amma ƙarar ba irin ta mai buga takarda ba ce. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, ta tsaya, ta sake, kiɗa ɗaya ba canji, da sauri kamar ana tankaɗe. Ni da son gulma, na ajiye bokiti na zagaya na ɗaga labule a hankali.

Inna na zaune, tabarau a kan hanci, fuskarta a sake yadda ban taɓa gani ba. Allon kwamfuta cike yake daga sama har ƙasa da kalma ɗaya. Naziru Naziru Naziru Naziru. Da shafi ya cika sai ta ɗora yatsa a kan na gogewa ta fara share su, harafi ɗaya dannawa ɗaya, don ba wanda ya taɓa gaya mata ana iya dannewa a riƙe.

Na ce, "La ilaha illallahu!"

Ta zabura kamar an kama ta da hannu a tukunya. "Ke! Ba a koya miki sallama ba?"

"Inna, ashe ke ce kike kashe su!"

"Motsa yatsu nake yi," ta ce, tana ta gogewa ba ta kalle ni ba. "Haka aka koya mana a makarantar tafireta. Kafin ki fara aiki ki zaɓi kalma ɗaya ki yi ta bugawa har yatsu su warware."

"Duk kalmomin duniya, Inna, sai wannan?"

Ta juyo ta zuba min idon nan nata. "In na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke ne. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Inna, tafiya fa zai yi. Gani yake aikinsa bai yi ba."

Yatsanta ya tsaya a kan maɓallin. Na ɗauka za ta ce wani abu. Sai ta ce, "Namiji ne, ya san abin da ya fi masa." Amma muryar ba ta fita daidai ba.

Da ta fita alwala na ɗaga zanin da ta lulluɓe tsohuwar tafireta. Ban taɓa kula ba sai ranar. Farin fentin haruffan duk ya dushe, amma shida sun goge ƙaf, har da Z da ke can gefe. Wato duk shekarun nan da yake ɗakin kakarmu tana wuce shi a hanya kamar ɗan maƙwabta, kowace safiya da shi take buɗe aiki. Na zauna a bakin gadonta na yi kukana mai isata.

Da na share hawaye sai haushi ya dawo. Mutum biyu, kowa na son kowa kamar ya mutu, za su bari Legas ta raba su saboda kunya! To, bakina Inna ta ɗaure, ba ta ce komai a kan hannuna ba. Da la'asar ta tafi barka maƙwabta. Na shiga shago na ɗauko ɗan ƙarfen zarewa, na tsamo mataccen makunni ɗaya daga gwangwanin da Yaya ke tara su. Na wuce ɗakin Inna, na zare mai rai daga ƙarƙashin maɓallin gogewa, na cusa mataccen, na mayar da murfi. Wata da watanni ina aike, ai dole in koyi wani abu.

Ya Gana kaɗai na ce wa gobe da hantsi ta tabbata mijinta yana tsakar gida. Ta ce me ya faru, na ce an hana ni faɗa. Ta ce, "In dai zai hana ni zuwa Legas, ko ɗaure shi ne sai in yi."

Gari ya waye. Ya Gana ta tsare shi da kunun gyaɗa da ƙosai a gindin dalbejiya, wayarsa na gefe, yana jiran Babagana ya tashi daga barci. Ni ina wanke-wanke, kunnena na ɗakin Inna. Can sai kiɗan ya fara. Ya daɗe yana tafiya, don ranar kamar da gayya ta yi ta yi. Sai ya tsaya. Na ji ƙas, ƙas. Shiru. Ƙas-ƙas-ƙas da ƙarfi.

"Adawiyya," Inna ta kira ƙasa-ƙasa. "Adawiyya, zo nan."

Na leƙa. Ta nuna allon da haɓa. "Abin nan ya ƙi gogewa. Zo ki share min, maza."

Na juya na buɗe murya yadda har bakin layi sai an ji. "Yaya! Zo da sauri, na Inna ya sake mutuwa!"

"Ke! Wa ya ce ki kira shi? Ke, 'yar nan!"

Ina! Ya riga ya taso, kofin kunu a hannu. Ya yi sallama a bakin ƙofa. Inna ta fizge gyalenta ta yafa wa kwamfutar. Gyalen kuwa shara-shara ne, ga hasken allo ta baya, ko daga tsakar gida ana iya karantawa. Kuma bai ma zauna ba, ya zame a hankali ya faɗi ƙasa.

Yaya ya durƙusa kamar yadda ya saba in ya shigo ɗakinta. Ya ɗaga kai don ya duba abin da ya lalace, sai ya tsaya. Na ga idonsa na bin layukan. Ya sauke ido kan kibod, ya kai yatsa ya taɓa maɓallan nan shida ɗaya bayan ɗaya, wannan karon a jere yadda suke a sunansa. Kunu ya fara zuba a kan ledar ɗaki bai sani ba.

Inna ta juya ta fuskanci bango, tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Adawiyya," ya ce. "Kullum ne?"

Na ce, "Ni an hana ni magana. Amma ka ɗaga zanin tafireta ka gani."

Ya miƙa hannu ya ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ashe ba tagullar ba ce. Wayyo Allah, ashe ba tagullar ba ce! Aikin shekara suke yi a wata ɗaya!" Ya Gana na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Inna ta yi gyaran murya, har yanzu bango take kallo. "Adawiyya, ki ce wa yayanki na gogewa ne ya mutu."

"Ya ji, Inna."

Sannan ta ce, "Ki kuma ce masa tun da na fara taɓa wannan hannuna bai sake kumbura ba. Ko a ofis ban taɓa samun irinsa ba. Ki ce masa in ya tafi, ban san wanda zai riƙa gyara min ba."

Na ce, "Ga shi nan a gabanki, Inna. Ni yau na yi ritaya."

Maficin da ta jefo ya same ni a kafaɗa. Yaya ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya ce, "Ki ce wa Adda ba inda za ni." Ya tashi ya zare kibod ɗin ya rungume shi a ƙirji ya fita, ya bar mana kunu a ƙasa. Daga tsakar gida na ji yana ba Babagana haƙuri a waya, Ya Gana na rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kar Inna ta ji.

Kwalayen da ya ɗaure duk ya kwance su a ranar. Ya sauya lanƙwasar harsunan, ya nemo tagulla mai jure wahala, ya ce duk makunnin da ya iya da Adda ba mai iya kashe shi. Yanzu har daga Bauchi da Kano ana yi masa waya ana tambaya, warin roba kuwa Ya Gana ta haƙura da shi.

Amma na Inna ya fara gamawa. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni shago ya miƙo min shi, an goge shi yana ƙyalli. Na danna haruffan, kowanne ƙas. Na danna na gogewa, shiru. Na dube shi, na dubi gwangwanin da ke gabansa cike da sababbin makunnai har baki.

Ya kau da kai ya ce, "Ki ce wa Adda kayan gyaran wannan ɗin sun ƙare."

Na kai mata, na faɗa mata yadda ya ce, har da labarin gwangwanin don kar a ce na rage wani abu. Ta sa tabarau, ta haɗa wayar da kanta, ta danna na gogewa sau ɗaya ta ji shiru. Ta kwantar da hannuwanta a kan haruffan.

"Ki ce masa ba laifi," in ji ta.

Ban kai ƙofa ba na ji kiɗan ya fara, kuma ba ta ce in saki labule ba.